Zancen Gida: Ina Baba Zai Ajiye Kuɗinsa?

Ran Lahadi uku da suka wuce, bayan an tashi daga sujada, wani dattijo daga cikin iyayenmu na nan Wurno ya tare mu a gindin darbejiyar makaranta. Shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati, an sallame shi lafiya, garatutinsa kuma ya fito. Ya biya bashin da ke kansa, ya sake rufin ɗakin uwargida, abin da ya rage masa Naira miliyan ɗaya ce cif. Sai ya zaro waɗansu takardu daga aljihun rigarsa, ya miƙo mana.

Ya ce, "Malam, ku ne masu lissafi. Wannan banki ya ce kashi 8 zai ba ni, wancan ya ce kashi 14. Ɗana da ke Kano ya ce akwai asusu na musamman domin tsofaffi. Ga jikana kuma ya nuna mini wani wuri a waya inda kuɗi ke ninkawa cikin wata guda. Wanne zan bi?"

Muka ce, "Baba, a ba mu mako guda mu bincika."

Ba mu amsa nan take ba, gama wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Saurayi in ya yi asara, yana da damina talatin a gabansa da zai mai da abin da ya rasa. Dattijo kuwa garatuti sau ɗaya ake ba shi. Mun kuma san ba Baba kaɗai ke da wannan damuwa ba. Daga Birnin Kudu har Gwaram akwai gwauruwar da aka ba ta haƙƙin maigidanta, akwai manomin da ya sayar da riɗi a kasuwar Sara ya dawo da kuɗi a buhu. Saboda haka abin da muka faɗa wa Baba, shi za mu faɗa muku a wannan wata.

Daga Ina Kashi 8 Ya Fito?

Bari mu fara da asusun ajiya na kullum, wanda kusan kowa ke da shi. Mutane da yawa suna tsammani kowane banki ne ke yanka ruwan da ya ga dama. Ba haka ba ne duka. Babban Bankin Nijeriya yana da wani ma'aunin ruwa da kwamitinsa ke zama yana tsayarwa, ana kiransa MPR. Ƙa'idar ita ce, ruwan da banki zai biya a kan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na wannan ma'auni. A Satumba 2020 an rage shi zuwa kashi 10, sa'an nan a Agusta 2022 aka mai da shi kashi 30.

To, ga lissafin. A Nuwamba 2024 ma'aunin ya kai 27.5, watau ruwan ajiya mafi ƙaranci ya zama kashi 8.25 a shekara. A Satumba 2025 aka sauko da shi zuwa 27, ruwan ajiya ya koma kashi 8.1. Ma'aunin yana hawa yana sauka, don haka ranar da kuka je banki ku tambayi na ranar. Amma ku lura da wannan: tun da yake ƙa'ida ɗaya ce ke bisa kansu duka, manyan bankuna ba su cika bambanta da juna a asusun ajiya na kullum ba. Wanda ya bar bankin da ke kusa da shi a Birnin Kudu ya shiga mota zuwa Dutse saboda ƙarin kashi ɗaya, sai ya tsaya ya auna. Kashi ɗaya na Naira 100,000 Naira 1,000 ne a shekara guda. Kuɗin mota zuwa da dawowa sau ɗaya ya cinye shi.

Abin Da Ba A Rubuta A Allon Talla Ba

Muka ɗauki alli muka yi wa Baba lissafi a allo, kamar yadda mukan yi wa 'yan aji shida. Naira miliyan ɗaya a kan kashi 8.1 za ta haifi Naira 81,000 a shekara. Amma ba duka za ta shiga aljihunsa ba. Akan cire harajin kashi 10 daga ruwan kafin a zuba shi a asusu, watau Naira 8,100 ta tafi, saura Naira 72,900. In an raba wa wata goma sha biyu, Naira 6,075 ke nan kowane wata.

Akwai kuma wani sharaɗi da mutane kaɗan ne suka san da shi. A ƙa'idar Babban Banki ta 2020, in mai asusu ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata ɗaya, ba dole ba ne banki ya biya shi ruwan wannan wata. Ku duba yadda muke yi a ƙauye. Yau a je wurin mai POS a ciro dubu biyu na cefane, gobe dubu uku na magani, jibi a tura wa yaro kuɗin makaranta. Kafin sati biyu an wuce huɗu. A ƙarshen shekara mutum ya duba ya ga ba abin da ya ƙaru, ya ce banki ya cuce shi, alhali kuwa sharaɗin yana nan a takardar da ya sa wa hannu bai karanta ba. Maganin abin mai sauƙi ne: a raba asusun cefane da asusun ajiya.

Bayan wannan akwai 'yan ƙananan kuɗin da ake tsinka. Saƙon waya da ke sanar da shiga da fitar kuɗi ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6 a Mayu 2025. Ƙa'idar 2020 ta yarda a ɗauki Naira 50 kowane wata uku domin katin cirar kuɗi. Daga Maris 2025 kuma, wanda ya ciri kuɗi a na'urar wani bankin da ba nasa ba, Naira 100 yake biya a kan kowace Naira 20,000. Ga mai miliyan waɗannan ba kome ba ne. Amma ga tsohuwar da ta ajiye Naira 20,000, wadda ruwanta na shekara bai kai Naira 1,500 ba bayan haraji, suna iya cinye rabinsa.

Asusun Dattawa

Yanzu sai maganar da ɗan Baba ya kawo. Gaskiya ne, waɗansu bankuna sun fito da asusu domin masu shekaru. GTBank ya fito da wanda ya kira Seniors domin 'yan shekara 65 zuwa sama. Bankin Access yana da Evergreen, bankin Zenith kuma yana da Timeless, duka domin dattawa. Abin da irin wannan asusu ya fi bayarwa shi ne sauƙi da girmamawa: a yafe wa dattijo waɗansu kuɗaɗen da ake tsinka, a ba shi kati kyauta, kada a bar shi ya daɗe a layi. Wannan abu ne mai kyau, duk wanda ya taɓa tsayawa a layin banki da ciwon gwiwa ya san darajarsa. Amma kada sunan ya ruɗe mu. Sauƙin layi dabam, yawan ruwa dabam. Waɗansu ma ba asusun ajiya ba ne, asusun hada-hada ne wanda ba ya haifar da ruwan kirki. Saboda haka in aka ce muku ga asusun tsofaffi, ku tambaya kai tsaye: "Kashi nawa yake biya, ya fi na asusun kowa da kowa?"

A waɗansu ƙasashe gwamnati ce da kanta ke ƙara wa tsofaffi ruwa. A Indiya tun 2004 akwai shirin ajiya na 'yan shekara 60 zuwa sama, ana buɗe shi a gidan waya ko banki, na shekara biyar, a Afrilu 2023 aka kai ruwansa kashi 8.2, ya kuwa fi na asusun ajiya na kullum a can nesa ba kusa ba. A Ingila a Janairu 2015 gwamnati ta sayar wa 'yan shekara 65 zuwa sama takardun ajiya masu biyan kashi 4 na shekara uku, a lokacin da bankuna ke biyan ƙasa da haka ƙwarai, tsofaffi suka yi ta rububi. Mun kawo waɗannan domin ku ga bambanci. Can shekarun mutum ne ke jawo masa ƙarin ruwa. Nan gida kuwa, abin da ke jawo ƙarin ruwa shi ne tsawon lokacin da mutum ya yarda ya bar kuɗinsa bai taɓa ba.

Kashi 14 Da Sharaɗinsa

Takarda ta biyu ta Baba ajiyar wa'adi ce. Watau ka ba banki kuɗinka na kwana 30, ko 90, ko 180, ko shekara guda, ba za ka taɓa ba sai wa'adin ya cika. A nan babu farashi guda, ciniki ake yi kamar na kasuwa. Mai kuɗi da yawa akan ba shi fiye da mai kaɗan, wanda ya taya kuma ya fi wanda ya yi shiru. In da gaske kashi 14 ne, miliyan ɗaya za ta haifi Naira 140,000 a shekara, a cire haraji Naira 14,000, saura Naira 126,000. Ya fi Naira 72,900 da nisa.

Amma a kula da abu biyu. Na fari, kashi 14 ɗin nan na shekara ne. Wanda ya ajiye na kwana 90, wajen rubu'insa zai samu, ba dukansa ba. Mun ga mutanen da suka yi rigima a kan wannan don ba a bayyana musu ba. Na biyu, in rashin lafiya ta faɗo, aka nufi asibitin tarayya na Birnin Kudu da dare, ka bukaci kuɗin kafin wa'adi, za a ba ka, amma za a zaftare wani sashi na ruwan, wani lokaci ma dukansa. Saboda haka kuɗin magani ba na ajiyar wa'adi ba ne.

Akwai hanya ta uku da Baba bai taɓa ji ba. A Maris 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Tarayya, DMO, ya fito da takardar lamuni domin ƙananan masu ajiya. Watau kai ne kake ba Gwamnatin Tarayya rance na shekara biyu ko uku. Ana fara saye daga Naira 5,000, ana buɗe sayarwa kowane wata, ana kuma zuba maka ruwan a asusunka kowane wata uku. A farkon 2025 ruwanta ya haura kashi 17, daga baya cikin shekarar ya sauko. Wahalarta ita ce, ba a sayen ta sai ta hannun dillalin hannun jari mai rajista, in kuma ka matsu ka sayar kafin wa'adi, farashin kasuwa za ka karɓa, mai yiwuwa ƙasa da abin da ka saya. Ga dattijon da ke son ɗan abin cefane yana shigowa a kai a kai ba tare da ya taɓa uwar kuɗi ba, ta cancanci a duba ta.

Ba mu manta da maƙwabtanmu Musulmi ba, waɗanda da yawa daga cikinsu ke karanta wannan shafi, ba sa kuma karɓar kuɗin ruwa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su juya kuɗin suke yi a raba riba, don haka ba sa yin alkawarin adadi tun da fari. A nan abin tambaya shi ne, "Bara nawa kuka raba wa masu ajiya, kashi nawa ne rabonku, nawa ne nawa?" Gwamnatin Tarayya kuma ta fara sayar da takardun Sukuk a 2017 domin gina hanyoyi. Ƙofar waɗannan a buɗe take ga kowa, Kirista da Musulmi.

Ɓarawon Da Ba Ya Fasa Ƙofa

Sa'ad da muka gama lissafin, Baba ya yi murmushi ya ce, "Ashe dai kuɗina za su ƙaru." Dole muka faɗa masa gaskiya mai ɗaci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 tsadar kaya ta tashi da kashi 34.8 a kan ta Disamba 2023. Watau abin da miliyan ɗaya ta saya a ƙarshen 2023, sai da Naira 1,348,000 a ƙarshen 2024. Wanda ya sami ƙarin Naira 72,900 a irin wannan shekara, lambar da ke takardarsa ta ƙaru, amma kwanon geron da zai iya aunowa ya ragu. A Janairu 2025 hukumar ta sake hanyar lissafinta, adadin ya koma 24.48, ya kuma yi ta sauka cikin shekarar. Saukar nan ba ta nuna kaya sun koma farashin da ba. Gudun tashinsu ne ya ragu.

Wani zai ce, to in haka ne me ya sa za a kai banki? Amsa ita ce, wanda ya binne kuɗinsa a tukunya ko ya cusa a katifa, tsadar kaya ta ci shi gaba ɗaya, ga kuma gara, ga gobara, ga ambaliyar da ta ci gidajen ƙasa a Jigawa a 2022 da 2024. Iyayenmu ba su manta da canjin kuɗi na Afrilu 1984 ba, da aka ba mutane kwanaki kaɗan su canja. Mu ma mun ga na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, yadda tsofaffi suka yi ta kwana a bakin banki da tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000.

Hatsi da dabbobi fa? Waɗannan ajiya ce da kakanninmu suka sani, a shekarun tsada kuwa sau da yawa sun fi banki. Amma su ma suna da nasu. Waɗanda suka cika rumbu da masara da gero da tsada a kakar 2024 suna jiran bazara, farashi ya faɗo musu a 2025, da yawa suka yi asara. Tunkiya tana haihuwa, tana kuma mutuwa, ana kuma sace ta. Adashi yana koya wa mutum tanadi, amma abin da ka zuba shi za ka kwasa, in uwar adashi ta riƙe amana.

Wa Zai Biya In Abin Ya Rushe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace girma, ita ce kuma mutane suke mantawa. Banki ma yana mutuwa. A Yuni 2024 Babban Banki ya janye lasisin bankin Heritage. A Mayu 2023 ya janye na ƙananan bankuna 179. Abin da ke tsaya wa mai ajiya a irin wannan rana shi ne hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988. A Mayu 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa: Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban banki, Naira miliyan 2 a ƙaramin banki. Abin da ya haura wannan sai an sayar da kadarorin bankin tukuna, a jira, wani lokaci shekaru. Miliyan ɗayar Baba tana cikin inuwa a kowannensu. Mai miliyan takwas kuwa, gara ya raba ta banki biyu.

Ƙananan bankuna da masu ajiya ta waya sukan yi tallar ruwa mai yawa. Waɗansunsu na gaskiya ne, suna da lasisi. Sai a tambaya, a kuma sa wani mai ilimi ya duba sunansu a jerin Babban Banki da na NDIC. Amma abin da jikan Baba ya nuna masa ba ya cikin wannan sahu ko kaɗan. MMM ya yi alkawarin kashi 30 kowane wata, a Disamba 2016 ya rufe da kuɗin mutane. CBEX ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, a Afrilu 2025 ya ɓace. Dabararsu ɗaya ce: da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da sababbin shiga suka ƙare sai a kulle. Ku yi tunani. In Gwamnatin Tarayya da kanta ba ta kai kashi 20 a shekara ba a takardar da muka ambata, wace sana'a ce za ta ba da kashi 100 a wata? Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tambayoyi Shida

Ga abin da muka rubuta wa Baba a bayan takardarsa, ya tafi da shi banki:

1. Kashi nawa ne a shekara, nawa kuma zai shiga hannuna bayan haraji?
2. Sau nawa zan iya cira a wata ban rasa ruwan ba?
3. In na fasa wa'adi, me za a cire mini?
4. Waɗanne kuɗi ake tsinka, wanne ake yafe wa mai shekaruna?
5. NDIC ta lamunce wannan ajiya, har zuwa nawa?
6. Sunan wa aka rubuta a matsayin magajina?

Kada a raina ta shida. Ƙa'idar Babban Banki ta Yuli 2024 ta ce asusun da aka bari ba a taɓa ba har shekara guda ya zama matacce, in ya kai shekara goma a haka a mai da kuɗin Babban Banki su jira mai su ko magadansa. Kuɗin ba su ɓata ba, amma iyalin da ba su san da asusun ba, ta yaya za su nema? Mun san gidajen da maigida ya rasu, uwargida tana fama da kuɗin makarantar yara, alhali akwai ajiya da sunansa ba wanda ya sani. Maigida, gaya wa matarka inda ka ajiye. Lambar sirri ta kati kuwa, kada a ba mai POS, kada a faɗa wa wanda ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne.

Baba ya dawo mana ran Jumma'a. Ya ce ya bar Naira 200,000 a asusun ajiya na kullum domin magani da baƙo, ya koma da shi na dattawa don a rage masa tsinke-tsinke. Naira 300,000 ya sa a wa'adin da zai cika kafin faɗuwar damina, lokacin sayen taki. Sauran Naira 500,000 kuma ɗansa na Kano yana nema masa dillali mai rajista domin takardar gwamnati. Ya ce da ya karanta wa yarinyar banki tambaya ta biyu, sai ta ɗaga kai ta ce, "Baba, wa ya koya muku wannan?" Muka yi dariya. Matambayi dai ba ya ɓata.

Ba mu ce kowa ya raba nasa kamar na Baba ba, gama kowane gida da nauyinsa. Amma kada kowa ya sa hannu a takarda sai ya san abin da zai shiga aljihunsa, da ranar da zai iya karɓa, da wanda zai biya shi in abin ya rushe. Ku yara masu karatu, ku raka iyayenku banki, ku karanta musu ƙananan rubutun nan a hankali. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen bashin taki da yadda ake lissafin ruwansa. Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya sa a hannunmu.